Kwana Uku A Bukkar Kawu A Bakin Dam Ɗin Goronyo



Da yawa daga cikinmu mun san sunan madatsar ruwa ta Goronyo ne a darasin labarin ƙasa. Mun kwafa a littafi cewa an datse Gulbin Rima ne aka gina ta, an gama aikin a 1984, an buɗe ta a 1992. Mun haddace cewa tsayin bangonta mita 21 ne, tsawonsa kilomita 12 da rabi, kuma idan ta cika tana riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da kyau a sani. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. A yau ina so in ba ku labarin wani lungu na bakin wannan ruwa inda mota ba ta zuwa, inda na yi kwana uku a cikin bukkar kara tare da kawuna, yayan mahaifiyata, wanda sana'arsa su ce.

Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare a lokacin. Da aka ba mu hutun watan Disamba, sai mahaifiyata ta ce in je ƙauyensu in gaida dangi. Muka hau mota daga Sakkwato, muka bi ta Achida, muka wuce mararrabar Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, inda kuma kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1837. Daga Goronyo muka hau babur zuwa ƙauyen. Kwana biyu da isata sai ga Kawu ya dawo daga bakin ruwa da kwandon bandar kifi a ka. Ya ce jibi zai koma. Na roƙi kakata ta bar ni in bi shi. Ta daɗe tana kallona, sa'annan ta ce wa Kawu, "Ga amana nan na ba ka. Kada ka bari ya shiga ruwa."

Daren da za mu tashi Kawu ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya ce in kawo kayana. Na kawo jaka cike. Ya zazzage ta, ya ware bargo, da riga mai kauri, da buta, da tocila, da gidan sauro. Sauran ya tura gefe. Ya ce, "Ɗan boko, duk abin da kaɗ ɗauka, kai za ka ɗauke shi har can. Babu jaki, babu amalanke." A nasa buhun akwai garin gero, da garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da gishiri, da barkono, da ɗan man gyaɗa a kwalba, da ashana da ya naɗe cikin leda har ninki uku. Ya ɗaure jarkar ruwan rijiya a bayan buhun. Na yi mamakin wanda za shi bakin ruwa yana ɗaukar ruwa. Ya ce na sha ne na yinin farko, kafin a tafasa na can ya huce.

Muka fita bayan sallar asuba, hazon hunturu ya rufe ko'ina. Hanyar 'yar siririya ce, ƙafar mutane da ta shanu ce ta yi ta. Da farko ta ratsa gonakin gero da aka riga aka girbe, sai karare a tsaye da ƙarangiya mai kama ƙafar wando. Daga nan ta hau jigawa, yashi mai laushi wanda in ka taka gaba ɗaya sai ya mayar da kai rabi. Kawu ba ya duba agogo, ba ya duba waya. Da itatuwa yake auna tafiya. Ya ce in mun kai wata babbar kuka mai rami a gindi mun ci kashi ɗaya cikin uku. In mun kai gawo uku da ke jere, mun yi rabi. Gawon nan kuwa kore shar suke a tsakiyar rani, domin shi gawo da damina yake zubar da ganye. Ya nuna mini sawun zomo, da sawun dila, da inda maciji ya ja ciki ya ƙetare hanya. Muka tsinki magarya muna ci. Da muka gangaro fadama sai ƙamshin albasa da tafarnuwa ya tarye mu, ga masu noman rani suna ban ruwa da ƙananan injuna. Bayan mun wuce su ba mu ƙara ganin gida ko ɗaya ba. Tafiyar ta ɗauke mu kusan awa uku, kafaɗata kamar za ta cire.

Muna hawa wani ɗan tudu sai Kawu ya tsaya ya ce, "To, ga shi nan." Ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba. Saboda hazo ba a ganin ɗaya gaɓar, ruwa da sama sun haɗe sun zama abu guda. Balbelu sun yi fari fat a bakin gaɓa, zalɓe ɗaya yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Bukkar tana ƙarƙashin wata bagaruwa, taku kamar ɗari daga ruwa. Da karan dawa da zana aka yi ta, aka rufa ciyawa a sama, aka ɗora tsohon tamfol aka danne da duwatsu. Sai ka sunkuya za ka shiga. A ciki akwai gadon kara, da tabarma, da tukunya biyu, da randa, da kalli a rataye. A waje akwai murhu da wurin banda. Kawu ya ce wannan ne mazauninta na biyu a shekarar. Yayin da rani ke tafiya ruwa yana ja da baya, shi kuma sai ya tumɓuke bukkar ya bi shi. Da damina in ruwa ya taso, sai ya kwashe ta ya koma tudu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofar. Asabari ne kawai, babu kwaɗo, babu sakata. Kwana biyu Kawu ba ya nan, amma muka tarar da komai a wurinsa, har da ƙari. An tara itace a gindin murhu, an cika randa, an saƙale wani ƙullin gishiri a jikin zana. Na tambaye shi wa ya yi wannan. Ya ce bai sani ba. Wataƙila masunci ne dare ya yi masa, wataƙila makiyayi ne. Ya ce, "Haka munka gada. Kowa dare yay yi mai, shi shiga shi kwana. In za shi tahiya, shi bar wuri hiye da yadda yat tarar." Daga baya na karanta cewa a ƙasar Norwe akwai wata ƙungiyar masu yawon ƙafa da aka kafa tun 1868, tana da ɗakuna fiye da 500 a cikin duwatsu da bakin tafkuna. A da yawa daga cikinsu babu mai gadi. Matafiyi ya shiga, ya ci abin da ya tarar, ya rubuta abin da ya ci, ya biya, ya share wurin, ya tafi. Su hutawa ke kai su, Kawu kuwa neman abinci ke kai shi. Amma abin da ke riƙe da ɗakunansu da bukkarsa ɗaya ne, wato amana.

Da la'asar sakaliya Kawu ya tura kwale-kwalensa ya je ya shimfiɗa kalli, ni kuma ya bar ni in hura wuta. Da ya dawo muka dafa tuwon gero da romon kifi, gishiri da barkono kawai a ciki. Har yau ban ci miyar da ta kai ta daɗi ba, ko da yake na san yunwa ma ta sa hannu. Rana na faɗuwa sanyi ya sauko. Sanyin bakin ruwa daban yake da na gari, har cikin ƙashi yake shiga. Muka matsa jikin wuta. Da dare ya yi hazo ya kwanta, sama ta buɗe. A Sakkwato fitilu da ƙarar janareta ba su barin mutum ya lura da taurari. A can kuwa kamar an watsa farin gero a baƙar tabarma. Kawu ya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, ya ce da ita yake gane inda dare ya kai. Babu rediyo, babu waya, domin ko sabis babu. Sai kukan kwaɗi, da kirinjijiya masu wucewa a sama suna fito, da ƙarar kifi in ya yi tsalle ya faɗa. Tsoro ya ɗan kama ni da na ji kukan dila daga nesa. Kawu ya yi dariya ya ce dila ya fi ni jin tsoro.

Da asuba ya sa ni a tsakiyar jirgi, ya ce in zauna daram, kada in miƙe, kada in leƙa. Ya ɗaura mini wata babbar gora a ƙirji da igiya, ya ce ko da jirgi ya kife in rungume ta kawai. Muka fara jan kalli. A nan na koyi sunayen da ban taɓa ji a aji ba. Ga tarwaɗa mai gashin baki, ga karfasa wadda mutanenmu ke kira gargaza, ga ƙurungu mai ƙaya da ke gurnani in an kama shi, ga ragon ruwa, ga kawara. Kowane kifi da yadda ake riƙe shi. Na ga Kawu yana ciro ƙananan yana mayar da su ruwa. Na ce, "Kawu, ai su ma ana ci." Ya ce, "Ɗana, wanda yac ci ɗiyan kihi bana, mi za shi kamawa baɗi?" Ya ce idon kallinsa yatsa uku ke shiga, don ƙanana su wuce. Abin da ke damunsa shi ne masu zuwa da raga mai ƙananan idanu, har da masu ɗinke gidan sauro su ja shi a bakin gaɓa, su kwashe uwa da 'ya'ya da ƙwai. Ya ce Sarkin Ruwa yana hanawa, amma ruwan yana da faɗi, yunwa kuma ba ta jin magana.

Muna cikin tafiya sai kallin ya maƙale. Kawu ya sa gora mai tsawo ya yi ta lalube har ya ɓanɓaro shi daga jikin wani busasshen reshe. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'annan ya nuna ruwan da ke ƙarƙashinmu ya ce, "Wanga wuri da kaka gani, gonar kakanka ta. Nan munka yi noma ina yaro. Wagga itaciya tsamiya ta, ƙarƙashinta muka cin abinci." Na leƙa, ban ga komai ba sai ruwa mai ruwan ƙasa. Ya ba ni labarin yadda aka tashe su da ruwa ya fara taruwa, suka koma tudu, mahaifinsa ya sayar da shanun huɗa, shi kuma ya koyi su a hannun Sarkawa. Bai faɗi wannan da ɓacin rai ba. Ya ce ruwan ya ci gonarsu, ruwan kuma shi ya ciyar da 'ya'yansa, shi ya biya kuɗin makarantar biyu daga cikinsu. Tun daga ranar, in na ji an ce an gina dam, sai in tuna akwai gonar wani a ƙarƙashinsa.

A yini na biyu ya kai ni wani wuri mai nisa da gaɓa, ya kafa gorar tuƙi ta taɓa ƙasa, ruwan bai kai ƙirjinsa ba. Ya ce shekarun baya gora biyu in an haɗa ba su taɓa ƙasa a nan. Laka ce ta cike wurin. Yadda abin yake faruwa shi ne, idan aka sare itatuwa a tudu ƙasa ta zama tsirara, ruwan sama sai ya wanke ta ya zuba a rafi, rafi ya kai gulbi, gulbi ya kawo ta dam. A dam ruwa ba ya gudu, don haka sai lakar ta kwanta. Shekara bayan shekara tana taruwa, kamar randar da ake zuba wa yashi kullum: bakinta yana nan yadda yake, amma ruwan da take ɗauka yana raguwa. Ga kuma zafin rana da iskar hunturu suna shan nasu rabon. A farkon 2018 Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta sanar cewa ruwan dam ɗin ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da yake iya ɗauka, har aka shiga fargabar ƙarancin ruwan sha a Sakkwato. Kawu ya ce a shekarar ya taka da ƙafa har gindin tsamiyar mahaifinsa. A watan Satumba na 2010 kuwa akasin haka aka gani. Ruwa ya yi yawa, ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, har gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. Randar da laka ta cike ba ta riƙe ruwa da rani, kuma da damina saurin tumbatsa take yi.

Wannan ruwa matafiyi ne. Wani sashensa daga Zamfara da Katsina yake zuwa ta kogunan Gagere da Bunsuru. Wani kuma ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shiga Jamhuriyar Nijar inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sa'annan ya dawo Nijeriya ya faɗa Rima. In an sake shi daga Goronyo sai ya shayar da shinkafa da alkama da albasa a fadamun Goronyo da Wurno, ya iso Sakkwato a tace shi a tura a famfo, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, har ya faɗa Kogin Kwara. Ke nan wanda ya sare itace a gaɓar Gulbin Maraɗi da ɗalibin da ke layin famfo a Sakkwato igiya ɗaya ta ɗaure su, ko da ba su san juna ba.

Umarnin kakata na kada in shiga ruwa yana da dalili fiye da tsoron nutsewa. A ruwan da ke kwance akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Ƙwayar tana fita daga jikinsu ta shiga ta fatar mai wanka ko mai wanki, ba sai ya sha ba. Bayan wani lokaci sai yaro ya fara ganin jini a fitsari. A wasu ƙauyuka ana ɗaukar wannan alamar girma ce ga ɗa namiji. Cuta ce, kuma in an bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda. Tana da magani a asibiti, ƙwayoyi ne da ake kira Praziquantel. Kawu ya taɓa yin ta, ya sha magani ya warke. Shi ya sa ruwan wankana ma sai da ya tafasa. Duk ɗan'uwan da ya ga irin wannan alama a jikinsa, kada kunya ta hana shi gaya wa iyayensa ko malamin kula da lafiya.

A daren ƙarshe muka yi baƙo. Wani dattijon Bafillace ne, ya kawo shanunsa shan ruwa magariba ta yi masa. Ya yi sallama, Kawu ya amsa, ya matsa masa wuri a bakin wuta ba tare da ya tambaye shi daga ina ba. Dattijon ya ciro nono a gora, muka dama da garin gero, Kawu ya gasa masa tarwaɗa biyu. Suka yi ta hira kan ruwa, da ciyawa, da farashin gero a kasuwar Goronyo, har barci ya ɗauke ni. Da na farka ya tafi, ya bar mana ɗan man shanu a ƙoƙo. Mu ma da za mu tashi, Kawu ya sa na tara itace, na cika randa, ya saƙale rabin ashanarsa a jikin zana. Muka ɗauki kwandon banda muka kamo hanya.

Ban sake komawa ba. Kowa a nan ya san halin da gabashin Sakkwato ya shiga na rashin tsaro. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka kai hari kasuwar Goronyo, mutane da dama suka rasa rayukansu, Allah Ya jiƙan su. Tun daga lokacin kakata ta hana Kawu kwana a daji. Yanzu kusa da gari yake su, inda masunta suka yi yawa kifi ya yi kaɗan, ya fita da safe ya dawo kafin la'asar. Abin da yake samu bai kai rabin na da ba. Da na je gaishe shi a hutun da ya wuce na tambaye shi labarin bukkar. Ya ce gara ta ci karan, iska ta ɗauke tamfol. Ya ce wannan ba komai ba ne, yini ɗaya ya ishe shi ya ɗaga wata. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yau in baƙo ya yi sallama da dare, kafin a amsa sai an yi shiru an saurara.

'Yan'uwana ɗalibai, yashe dam da maido da tsaro aikin hukuma ne, kuma muna roƙon shugabanni su dube su da idon rahama. Amma akwai abin da ke hannunmu. Famfon da aka bari yana zuba a bayan ɗakin kwana, mu rufe shi. Itatuwan da aka dasa a harabar makaranta, kowane aji ya ɗauki nasa ya riƙa ba su ruwa har su kama. In aka aike mu kasuwa, mu guji sayen 'yan mitsi-mitsin kifin da ba su kai kamu ba. Wanda yake da kaka ko kawu manomi, ko masunci, ko makiyayi, ya zauna da shi a wannan hutun da littafi da biro, ya tambaye shi sunayen kifaye da itatuwa da taurari, ya rubuta, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ajin da muke zama da ɗakin da muke kwana kuwa, wasu ne suka bar mana, wasu kuma suna tafe a bayanmu. Mu bar musu wuri fiye da yadda muka tarar.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.